Kundin aiki: sake rubuta tambayoyin SQL na rahotannin laburare

Litinin, 13 ga Janairu 2025

An miƙo mini aikin sake rubuta tambayoyin SQL, harshen da ake neman bayanai da shi daga rumbun bayanai, waɗanda ke fitar da rahotannin laburare. Rumbun bayanan yana kan PostgreSQL 16, injin da ke ajiye bayanai cikin tebura, kuma tebura 9 ne ke da ruwa da tsaki a aikin: mambobi, rassa, littattafai, marubuta, rubutu, kwafi, aro, tara (kuɗin da ake cin mai aro) da biya. Koken masu amfani da rahoton bai wuce ɗaya ba. Alƙaluman ba sa yin daidai da abin da suke gani a zahiri, alhali kwamfuta ba ta taɓa cewa an yi kuskure ba. Tambaya takan gudu lafiya lau, ta fitar da jadawali mai kyan gani, lambobin ciki kuma ƙarya.

Yau ban taɓa tambaya ko ɗaya ba. Takarda na ɗauka, na rubuta a gaban kowane tebur abin da layi guda a cikinsa yake nufi. Layi guda a littattafai take ne guda. Layi guda a kwafi shi ne littafin da ake iya ɗauka a hannu, saboda haka take guda zai iya samun kwafi da yawa. Layi guda a aro, fitar kwafi ce sau ɗaya. Teburin rubutu kuwa gada ce tsakanin littattafai da marubuta, tunda littafi yakan samu marubuta biyu ko uku, marubuci kuma yakan rubuta littattafai masu yawa. Daga nan na ja kibiya tsakanin teburan, a kan kowace na rubuta ko ɗaya ga ɗaya ne, ko ɗaya ga masu yawa. Wannan takardar zan riƙa dubawa kafin in rubuta kowane JOIN, wato umarnin haɗa tebura biyu.

Talata, 14 ga Janairu

Tsoffin tambayoyin duk salon waƙafi ne: a jera tebura bayan FROM, sannan a zuba sharuɗɗan haɗi a cikin WHERE tare da sharuɗɗan tacewa, duk a cakuɗe. Salon halastacce ne, haka aka riƙa rubuta SQL tun lokacin da Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka tsara harshen a IBM a shekarun 1970, bisa tsarin ajiye bayanai cikin tebura da Edgar Codd ya gabatar a 1970. Sai a ƙa'idar SQL ta 1992 aka shigo da rubuta JOIN da ON ƙarara.

Illar tsohon salon ita ce, in sharaɗi ɗaya ya salwanta ba wanda zai gaya maka. Kowane layi na wannan tebur zai haɗu da kowane layi na wancan: layi 1,000 da layi 1,000 su zama miliyan guda. Lissafin dubawa mai sauƙi ne, tebura biyar suna bukatar aƙalla sharuɗɗan haɗi huɗu. Na bi tambayoyin ina ƙirgawa, na tarar da guda mai tebura biyar da sharuɗɗa uku. Teburin rassa ne aka bari ba a ɗaure ba, don haka kowane aro yana fitowa sau adadin rassan da ake da su, sai wani ya liƙa DISTINCT, mai zubar da maimaituwa, a sama ya rufe ɓarnar.

Na mayar da su duka salon JOIN … ON. A PostgreSQL in ka rubuta JOIN ba ON, tambayar ba za ta ma gudu ba. MySQL, wani injin rumbun bayanai, yakan bari ta wuce ya ɗauke ta a matsayin CROSS JOIN, wato haɗin kowane layi da kowane layi, to wanda ke kan MySQL kada ya saki jiki.

Alhamis, 16 ga Janairu

Yau na shiga rahoton da ya fi jawo ƙorafi, na bashin tara. Mai kula da laburaren ta ce mini, “Malam, mutum ya biya tas a gabana, amma takardarka tana cewa ana bin sa.” Na ce, “Malama, ba ni lambar aron guda ɗaya kawai, kada ki ba ni jerin duka.” Da lamba ɗaya ake gane irin wannan ciwon, jeri mai tsawo ruɗa ido kawai yake yi.

Na kwaikwayi yanayin a rumbun gwaji. Aro guda, an ci shi tara biyu: 30 ta jinkiri, 50 ta lalacewar bango, jimilla 80. Mamban ya biya kashi uku: 20, 20, 40, jimilla 80. Ba a bin sa ko ɗaya. Tsohuwar tambayar kuwa ga ta:

```
SELECT a.id, SUM(t.adadi), SUM(b.adadi)
FROM aro a
JOIN tara t ON t.aro_id = a.id
JOIN biya b ON b.aro_id = a.id
GROUP BY a.id;
```

Kowane ON daidai yake, makullan duk sun dace, ba a nan gizo ke saƙar ba. Na cire SUM da GROUP BY don in ga ɗanyen abin da haɗin ke fitarwa, sai ga layi shida. Haɗin farko ya mai da aron layi biyu. Haɗi na biyu ya ɗauki kowane cikin biyun ya manna masa biya uku. Tara da biya ba su da wata alaƙa da juna in ba cewa aro ɗaya ne ya haife su ba, don haka injin ya aurar da kowace tara ga kowane biya. Tara ta 30 ta fito sau uku, ta 50 sau uku, jimilla 240. Kowane biya ya fito sau biyu, jimilla 160. Rahoto ya ce ana bin mutumin 80.

Abin da ya sa ciwon ya daɗe ba a gano shi ba: yawancin aro tara ɗaya ce da biya ɗaya, ɗaya sau ɗaya kuma ɗaya ne. Sai wanda ya biya kashi-kashi ko aka ci shi tara biyu ne lissafinsa ke kumbura.

Abokin aikina ya ce a sa SUM(DISTINCT …) a huta. Na gwada a gabansa. Tara ta dawo 80 daidai, amma biya ta zama 60, domin 20 da 20 an ɗauke su abu guda. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. DISTINCT darajar lamba yake dubawa, bai san cewa biya biyu ne daban aka yi a ranaku daban ba.

Maganin shi ne a tattara kowane ɓangare shi kaɗai tukuna, ya koma layi ɗaya ga kowane aro, sannan a haɗa:

```
WITH jt AS (
  SELECT aro_id, SUM(adadi) AS tara FROM tara GROUP BY aro_id
), jb AS (
  SELECT aro_id, SUM(adadi) AS biya FROM biya GROUP BY aro_id
)
SELECT jt.aro_id, jt.tara - COALESCE(jb.biya, 0) AS saura
FROM jt
LEFT JOIN jb ON jb.aro_id = jt.aro_id;
```

Yanzu haɗin ɗaya ga ɗaya ne, babu abin da zai ninka. LEFT JOIN ɗin, wanda ke riƙe duk layukan teburin hagu (wanda aka fara ambata) ko da ba su da aboki a na dama, ma ya gyara wata ɓarna ta biyu da ba wanda ya kawo ƙararta: tsohuwar tambayar tana zubar da duk wanda bai biya komai ba, tunda ba shi da layi a teburin biya. Wato waɗanda aka fi bi bashi su ne ba sa fitowa a rahoton bashi. COALESCE kuma, mai sa 0 a gurbin NULL (alamar babu bayani), dole ne, don 80 a cire NULL ba 80 yake bayarwa ba, NULL yake bayarwa.

Litinin, 20 ga Janairu

Irin ciwon ranar Alhamis na sake samu a ƙirgen aro. Littafi mai marubuta biyu da aka ara sau biyar yana fitowa da goma, saboda an jawo teburin rubutu don kawai a nuna sunan marubuci. A nan sai an tsaya an tambayi me ake nema. In rahoton na marubuta ne, kowannensu ya samu biyar, daidai ne, sai dai kada a tara ginshiƙin a ƙasa a ce jimillar aro ke nan. In na littattafai ne, sai a dunƙule sunayen da string_agg su zama layi ɗaya ga kowane littafi kafin a haɗa. Na raba rahoton gida biyu.

Laraba, 22 ga Janairu

Ranar LEFT JOIN. Ana son jerin dukkan mambobi da adadin abin da kowa ya ara a 2024, har da waɗanda ba su ari komai ba, don su ake son a tuntuɓa. Tambayar da na tarar tana da LEFT JOIN, amma sharaɗin shekara yana cikin WHERE. Mamban da bai ari komai ba, haɗin yakan fito da shi da NULL a duk ginshiƙan aro. Daga nan WHERE ya tambaya ko ranar aronsa ta faɗa cikin 2024. Amsar ba e ba ce, ba kuma a'a ba ce, “ba a sani ba” ce, WHERE kuwa e kaɗai yake bari ya wuce. Shi ke nan an zubar da shi. Wanda ya ara a 2023 kaɗai ma haka. LEFT JOIN ya koma INNER JOIN, haɗin ciki mai riƙe layukan da suka samu aboki kawai, ba tare da an sauya kalma ko ɗaya a cikinsa ba.

```
SELECT m.id, m.suna, COUNT(a.id) AS yawan_aro
FROM mambobi m
LEFT JOIN aro a
  ON a.mamba_id = m.id
 AND a.ranar_aro >= DATE '2024-01-01'
 AND a.ranar_aro <  DATE '2025-01-01'
GROUP BY m.id, m.suna;
```

Sharaɗin da ya shafi teburin dama yana zama a ON, wanda ya shafi na hagu yana zama a WHERE. A INNER JOIN duk inda ka sa shi sakamako ɗaya ne, shi ya sa hannu ke sabawa da sakaci, sai ranar da aka sauya haɗin zuwa LEFT abin ya fashe.

Akwai ƙananan tarko biyu a nan. COUNT(*) layi yake ƙirgawa, mamban da bai ari komai ba kuwa yana da layi ɗaya mai cike da NULL, sai a ba shi 1. COUNT(a.id) yana tsallake NULL, ya ba shi 0. Na biyu, in bayan LEFT JOIN aro ka bi da JOIN kwafi na ciki, shi ma zai zubar da waɗannan layukan, don NULL ba ya dacewa da kowane makulli. Ko dai sarƙar ta ci gaba da LEFT har ƙarshe, ko a haɗa aro da kwafi a cikin baka tukuna sannan a manna su ga mambobi.

Na kuma ƙi GROUP BY da suna kaɗai. Mutum biyu suna iya yin suna ɗaya.

Talata, 28 ga Janairu

Rahoton kwafin da ba a taɓa ara ba yana dawowa fanko, kuma an daɗe ana ɗauka labari ne mai daɗi. An rubuta shi da NOT IN (SELECT kwafi_id FROM aro). A cikin teburin aro akwai tsoffin layuka da aka kwaso daga wani tsari na da, waɗanda kwafi_id ɗinsu NULL ne. NOT IN yana nufin lambar ta bambanta da ta farko, kuma ta bambanta da ta biyu, har ƙarshen jerin. Da zarar an iso kan NULL amsar ta zama “ba a sani ba”, kuma babu kwafin da zai taɓa samun e. NULL ɗaya tal ya isa ya share rahoton baki ɗaya.

```
SELECT k.id
FROM kwafi k
WHERE NOT EXISTS (
  SELECT 1 FROM aro a WHERE a.kwafi_id = k.id
);
```

Na san masu son LEFT JOIN tare da WHERE a.id IS NULL, kuma sakamakonsu daidai ne muddin ginshiƙin da aka duba ba ya ɗaukar NULL da kansa. Ni dai NOT EXISTS na fi so, don mai karantawa yana ganin niyyar a fili. Haka ma ɗan'uwansa EXISTS: in tambayar ita ce wane ne ya taɓa ara, ba me ya ara ba, EXISTS ba ya ninka layi ko da mutum ya ara sau ɗari. Wurare da dama da na ga JOIN da DISTINCT, EXISTS ake nufi tun asali.

Laraba, 29 ga Janairu

Na cire NATURAL JOIN guda biyu. Shi yana haɗawa ne a kan duk ginshiƙan da sunansu ya zo ɗaya, a wannan rumbun kuwa kusan kowane tebur yana da id, da yawa kuma suna da suna. Ko yau yana aiki, ranar da wani ya ƙara ginshiƙi mai suna iri ɗaya a tebura biyun, ma'anar tambayar za ta sauya ba wanda ya taɓa ta.

Sai aro da ke da rassa biyu, inda aka ɗauka da inda aka maido. Teburin rassa sai ya shigo sau biyu da laƙabi biyu, r_fita da r_dawo, na biyun da LEFT tunda littafin da ke hannun mamba bai dawo ko'ina ba tukuna. Laƙabi irin su t1, t2, t3 na share su duka.

Talata, 4 ga Fabrairu

Ana son a ga wanda ya ari kowane kwafi na ƙarshe. Tsohuwar hanya ta samo MAX(ranar_aro) ta sake haɗawa da aro a kan ranar. Ginshiƙin rana ce kawai ba sa'a, don haka kwafin da aka ara da safe aka maido aka sake ara da yamma yana fitowa sau biyu. Na yi amfani da ROW_NUMBER() a kan kowane kwafi, jeri bisa rana daga ta ƙarshe sannan bisa id, na ɗauki lamba ta ɗaya. Wannan id ɗin na biyu shi ke raba gardama in ranaku suka yi kunnen doki. In babu shi, injin zai zaɓi wanda ya ga dama, yau wannan gobe wancan.

PostgreSQL yana da DISTINCT ON wanda ya fi gajarta, da LATERAL da ya shigo a siga ta 9.3 a 2013. Na tsaya kan ROW_NUMBER saboda ana maganar wata rana a kai wasu rahotannin kan wani injin, shi kuwa MySQL ma yana da shi tun siga ta 8.0. Wannan tunanin ya sa na kauce wa FULL OUTER JOIN: MySQL ba shi da shi, SQLite kuma sai a siga ta 3.39 a 2022 ya samu.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Gwaji. Na gina ƙaramin rumbu da hannu, layuka kaɗan ne amma kowanne da dalilinsa: mamba marar aro, aro mai tara biyu da biya uku, biya biyu masu adadi ɗaya, littafi mai marubuta biyu, littafi marar marubuci, aro mai NULL a kwafi_id, aro biyu a rana ɗaya, mutum biyu masu suna ɗaya. Na lissafa amsoshin da biro kafin in gudanar da komai.

Ga kowace tambaya ina duba abu biyu. Na farko, in na ce sakamakon layi ɗaya ne ga kowane aro, to GROUP BY a kan lambar aro tare da HAVING COUNT(*) > 1 dole ya dawo fanko. Na biyu, ina ƙara tebura ɗaya bayan ɗaya ina kallon yawan layi. In ya hau a inda takardata ta ce ɗaya ga ɗaya ne, ko ya sauka a inda na ce ba a zubar da kowa, nan zan tsaya. Wajen kwatanta tsohuwar tambaya da sabuwa kuma EXCEPT ALL nake sawa ta ɓangarorin biyu. EXCEPT zalla yana dunƙule layuka masu maimaituwa, maimaituwar kuwa ita nake farauta.

Talata, 11 ga Fabrairu

Sai yanzu na waiwayi sauri, tunda sakamakon ya tsaya. EXPLAIN ANALYZE yana nuna hanyar da injin ya bi: ko ya ɗauki kowane layi ya je neman abokinsa, ko ya gina teburin hash da ƙaramin ɓangare ya bi babban, ko ya jera ɓangarorin biyu ya zuge su tare. Ba ruwana da wacce ya zaɓa. Abin da nake dubawa shi ne yawan layin da ya yi hasashe da wanda ya samu a zahiri. Inda suka yi hannun riga sosai, na gudanar da ANALYZE a kan teburin, hasashen ya gyaru. A tuna cewa EXPLAIN ANALYZE yana gudanar da tambayar da gaske, kada a gwada shi a kan DELETE ko UPDATE sai a cikin BEGIN da ROLLBACK.

Tarihin aron mamba guda yana jan ƙafa saboda babu fihirisa a kan aro.mamba_id. PostgreSQL yakan ƙirƙiri fihirisa da kansa ga makullin asali, amma ba ya yi wa makullin da ke nuni zuwa wani tebur. InnoDB, ma'ajiyar bayanai ta MySQL, yana yi, shi ya sa wanda ya taso daga can yakan ɗauka ko'ina haka ne. Na ƙara a kan mamba_id da kwafi_id a aro, da aro_id a tara da biya.

Abokin aikina ya tambaya ko ya kamata a riƙa fara rubuta ƙaramin tebur. A haɗin ciki injin yana sake jeri yadda ya ga ya fi, muddin teburan ba su wuce iyakar da saitin join_collapse_limit ya sa ba, wanda 8 ne in ba a taɓa shi ba. Daga tebura 12 kuma yakan daina bin kowane jeri ya koma laluben dabara, don tebura 8 kaɗai ana iya jera su hanyoyi 40,320, 12 kuwa sun haura miliyan 479. Babbar tambayarmu tebura 7 ce, saboda haka na jera su yadda mutum zai fi gane su. LEFT JOIN ne kawai jerinsa ke taɓa ma'ana.

Laraba, 12 ga Fabrairu

An ƙaro tebur na goma, tarihin rukunin mamba: daga rana kaza zuwa rana kaza ɗalibi ne, daga nan ya zama ma'aikaci. Ana son kowane aro ya ɗauki rukunin da mamban yake ciki a ranar da ya ara. Haɗin a nan ba na makulli kaɗai ba ne, har da zangon lokaci. BETWEEN yana haɗawa da bakin farko da na ƙarshe, a bayanan kuwa ranar da wani zango ya ƙare ita ce ranar da na gaba ya fara, don haka aron da aka yi ranar sauyi zai dace da layi biyu. Na rubuta shi da >= a farko da < a ƙarshe, na kuma bar hanya ga zangon da ke gudana wanda ƙarshensa NULL ne.

Gwajin HAVING ya kama wasu mambobin da zangunansu suka hau kan juna da makonni, wasu kuma akwai giɓi a tsakani. Wannan ba tambaya ce za ta gyara shi ba, bayanan ne ke da matsala. Na fitar da jerinsu na aika wa mai kula da laburaren ta faɗi wane zango ne sahihi. In an tsabtace su zan sa shingen EXCLUDE a kan mamba_id da daterange, wanda ke bukatar a kunna btree_gist, don kada a sake shigar da zango mai hawa kan wani. Aron da ya faɗa cikin giɓi kuwa, na bar shi yana fitowa da LEFT JOIN a ƙarƙashin “ba rukuni” har sai ta yanke ko a ba shi zangon baya ko na gaba.